BABI NA BAKWAI: Ɗalibi Ɗaya, Makaranta Biyu

A babin da ya gabata mun yi bayanin cewa sha'anin ilmi a Amurka ba a hannun gwamnatin tarayya yake ba, domin kundin tsarin mulkinsu bai ambaci makaranta ba ko da sau ɗaya, kuma gyara na goma da aka yi masa a 1791 ya bar wa jihohi duk wani iko da ba a danƙa wa tarayya ba. Saboda haka jihohin nan 50 kowace da dokarta, kuma a ƙarƙashinsu akwai hukumomin ilmi na gundumomi kimanin 13,000, waɗanda kaso mai tsoka na kuɗinsu daga harajin gidaje yake fitowa. To, babu inda wannan rarrabuwa ta fi bayyana kamar a mas'alar da za mu duba yanzu, watau ta yaron da bai gama sakandare ba, ko gashin baki bai tsiro masa ba, amma yana zaune yana ɗaukar darasin jami'a, ana rubuta masa sakamako a littafin makarantu biyu a lokaci guda.

Kafin mu shiga cikin zancen, wajibi ne mai karatu ya san ma'aunin da suke auna karatu da shi. Digirin farko a can yakan ci kiredit 120 a shekara huɗu, darasi guda na zango ɗaya kuwa galibi kiredit 3 ne, kuma akwai ƙananan kwalejoji na gunduma da ke ba da shaidar shekara biyu a kan kiredit 60. Da yake kowane kiredit da farashinsa, kuma dubun dubatar matasa da bashin karatu suke fita jami'a, wanda wasunsu sai sun yi furfura kafin su gama biyansa, duk darasin da yaro ya samu tun yana sakandare kuɗi ne ya rage wa mahaifinsa, kwanaki ne kuma ya rage wa kansa.

Amma asalin abin ba don talaka aka ƙirƙiro shi ba. A farkon shekarun 1950, lokacin da Amurka ke yaƙi a Koriya, tana kuma zaman doya da manja da Tarayyar Sobiyat, manyan ƙasar suka shiga damuwa cewa haziƙan yaransu suna ɓata lokaci, alhali ƙasa na bukatar masana kimiyya da injiniyoyi, ga kuma aikin soja na dole yana jiran duk saurayin da ya kai munzali. Gidauniyar Ford ta fara gwada wata dabara a 1951, ta ɗebo yara masu kaifin basira tun suna wajen shekara 16 ta kai su jami'a kai tsaye. Shugabannin sakandare ba su ji daɗin haka ba ko kaɗan, domin an zo an tsince musu 'ya'yan da suke alfahari da su, kuma mai karatu ya riƙe wannan ƙorafi, don zai sake jin sa bayan shekara talatin da 'yan kai. Ana cikin haka sai makarantun kwana uku na 'ya'yan masu hali, Andover da Exeter da Lawrenceville, suka haɗu da jami'o'in Harvard da Princeton da Yale suka bi diddigin ɗalibansu, suka tarar cewa da yawansu suna shafe shekarar farko ta jami'a suna maimaita abin da suka riga suka haddace, har gundura ta kashe musu himma. Rahotonsu ya fito a 1952. A daidai wannan lokaci Gordon Chalmers, shugaban Kwalejin Kenyon da ke jihar Ohayo, ya tara wasu kwalejoji da makarantu suka yi ittifaƙi a kan cewa a bar yaro a makarantarsa, a koya masa darasin jami'a a can, a yi masa jarrabawa, idan ya ci a yafe masa wannan darasi in ya zo. A 1955 hukumar College Board ta karɓi ragamar shirin, wanda ake kira Advanced Placement, ko AP a taƙaice, kuma a 1956 ɗalibai 1,229 daga makarantu 104 suka zauna jarrabawar. A yau masu zamanta kowace shekara sun kai wajen miliyan uku.

Hikimar wannan tsari tana cikin rabuwar mai koyarwa da mai hukunci. Malami yakan kwashe shekara yana fama da yara a ajinsu, amma in watan Mayu ya kama, sai a kawo tambayoyi iri ɗaya ga duk ƙasar, yaro ya zauna na wajen sa'a uku, a kwashe amsoshinsa a tafi da su. A watan Yuni kuma a tara malaman sakandare da na jami'a su yi kwanaki suna duba amsoshin bisa ƙa'ida ɗaya, ba tare da sun san mai rubutun ko makarantarsa ba, sa'an nan a watan Yuli sakamako ya fito, daga 1 zuwa 5, kuma yawancin jami'o'i daga 3 suke fara karɓa. Kuɗin jarrabawa ɗaya ya yi kusa da dala 100, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga gidan da yaro zai zauna huɗu ko biyar, ko da yake ana yi wa marasa hali rangwame, wasu jihohi kuma suna biya musu.

Wannan rabuwa ce ta sa labarin Jaime Escalante ya yi nauyin da ya yi. Shi mutumin Bolibiya ne da ya yi hijira zuwa Amurka, ya yi ƙananan ayyuka kafin ya samu izinin koyarwa, aka tura shi sakandaren Garfield a gabashin birnin Los Anjalis, unguwar talakawa 'yan asalin Meksiko, inda ba wanda ya taɓa zaton yara za su iya lissafin kalkulas. Ya riƙa tara su kafin a buga ƙararrawar safe, da bayan an tashi, da ranakun Asabar, har a 1982 ɗalibansa 18 suka ci jarrabawar AP ta kalkulas. Hukumar da ke shirya jarrabawar ta yi shakkar 14 daga cikinsu, tana mai kafa hujja da cewa kurakuransu sun yi kama da juna. Shi kuwa malamin da jama'ar unguwa suka ce da yaran 'ya'yan attajirai ne da ba a tuhume su ba. Aka sake ba su wata jarrabawar, 12 suka amince suka zauna, kuma dukansu suka sake ci. An yi fim a kan wannan ƙissa a 1988, aka kuma daɗe ana jayayya a kan ko tuhumar tana da tushe. Amma abin da ya shafe mu a nan shi ne, da malamin ne da kansa ya ba su maki, da ba wanda zai gaskata, kuma da ba yadda za a yi yaran su wanke kansu. Jarrabawar da baƙo ya duba ita ce ta tuhume su, ita ce kuma ta yi musu shaida. Daga wannan lokaci jihohi suka fara kallon AP a matsayin tsani ga 'ya'yan talakawa, suka shiga ƙarfafa makarantu su buɗe azuzuwansa.

Hanya ta biyu daban take, kuma ita ce ta fi shiga hannun majalisun dokoki. A 1985 jihar Minesota, a zamanin Gwamna Rudy Perpich, ta kafa dokar da ta ba duk ɗalibin aji biyu na ƙarshe a sakandare damar ya je jami'a ko kwaleji ya ɗauki darussa, jiha ta biya kuɗin karatun da na littattafai, a rubuta masa sakamakon a takardarsa ta sakandare da ta jami'a gaba ɗaya. Ita ce jiha ta farko da ta mai da wannan haƙƙin kowane yaro a faɗin jiha. Jihar Washinton ta biyo baya a 1990 da shirinta mai suna Running Start, inda ba abin mamaki ba ne yarinya ta karɓi shaidar kwaleji ta shekara biyu a watan da take karɓar shaidar gama sakandare.

Sai dai akwai ƙulli a cikin dokar, watau kuɗin da jiha ke bai wa makaranta a kan kowane yaro, yaron suke bi. In ya tafi kwaleji, kaso mafi girma ya tafi tare da shi, alhali shugaban makaranta bai rage albashin malami ko ɗaya ba, bai kuma kashe wutar aji ko ɗaya ba. Ƙorafin 1951 ya dawo, wannan karon da asarar kuɗi a kansa. Makarantu kuwa suka nemi mafita, suka ce maimakon yaro ya tafi jami'a, a kawo jami'ar cikin makaranta: malamin sakandare ya karɓi manhajar kwaleji, ya koyar da ita a ajinsa, ya ba da maki da kansa, kwaleji ta buga hatiminta. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin Jami'ar Connecticut tana yin irinta tun 1955, Jami'ar Syracuse kuma tun 1972, amma yanzu sai ta zama ruwan dare, har ya zamana yawancin yaran da ake cewa suna karatun jami'a a sakandare ba su taɓa taka harabar jami'a ba. A shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023, masu irin wannan rajista biyu sun kai kimanin miliyan biyu da rabi, kuma a kwalejojin gunduma kusan ɗaya cikin kowane ɗalibai biyar ɗan sakandare ne. Kwalejojin nan, waɗanda manyan ɗalibansu suka yi ta raguwa tun bayan 2010, ba su ƙi wannan ciniki ba.

A nan ne mas'alar ta yi tsauri, kuma wanda ya tashi a kan karatun zaure zai fi kowa saurin gane ta. A wurin malamanmu ba a tambayar shekarun almajiri kafin ya wuce daga Ahalari zuwa Iziyya, ko daga Risala zuwa Muhtasar. In ya ƙware ya wuce, ko da ƙarami ne. Amma idan ya je wani gari ya ce ya sauke littafi kaza, tambayar farko da za a yi masa ita ce a wajen wa, domin darajar ijaza daga mai bayar da ita take, shi ma daga wanda ya ba shi. Haka kiredit yake. A AP isnadin a bayyane yake, tun da jarrabawa ɗaya ce ga kowa. A rajista biyu kuwa, malamin da ya ga yaro tun yana ƙarami, ya san mahaifiyarsa, kuma shugabansa na so a ce makarantarsu ta yi fice, shi ne zai yanke hukuncin ko aikin yaron ya kai na jami'a. Da yawansu amintattu ne, wasu ma sun fi malaman kwaleji iya koyarwa, amma doka ba a gina ta a kan kyautata zato kaɗai.

Saboda haka a 2015 hukumar da ke tantance jami'o'in jihohi 19 na tsakiyar ƙasar ta jaddada sharaɗinta, cewa duk mai koyar da darasin jami'a, ko a ina yake koyar da shi, sai yana da digiri na biyu a wannan fanni, ko kuwa digiri na biyu a wani fanni tare da kiredit 18 na babban mataki a fannin da yake koyarwa. Sai ga shi ɗimbin malaman sakandare digirinsu na biyu a fannin tarbiyya ne, ba a tarihi ko lissafi ba, musamman a ƙauyukan Indiyana da Minesota inda malami ɗaya ke riƙe da fanni sukutum. Aka yi ta ɗaga wa'adi shekara bayan shekara, jihohi suka ware kuɗi don malamai su koma karatu, daga baya ma hukumar ta sassauta. Ni dai a ganina sharaɗin ya auna abin da ke da sauƙin aunawa ne, watau takardar malami, ya bar abin da ya fi muhimmanci, watau aikin da yaro ya rubuta. Kuma jami'ar da ke tura malamanta su zauna a bayan aji, su ɗauki takardun yara su sake dubawa, ta fi tsare mutuncin hatiminta fiye da wadda ta tsaya ga ƙirga digirori.

Batun wanda zai biya kuwa, kowace jiha da fatawarta. Ohayo ta buɗe ƙofa a 2015 tun daga aji na bakwai, kyauta, amma ta yarje wa hukumar gunduma ta nemi iyaye su mai da kuɗin in yaro ya faɗi, sai dai in talaka ne. Jojiya ta fara da hannu sake, kuɗin shirin ya yi ta hauhawa har ya haura dala miliyan 100 a shekara, sai majalisa ta ja linzami a 2020, ta ƙayyade kiredit 30 ga kowane yaro, ta kuma taƙaita yawancin darussan ga aji biyu na ƙarshe. Teksas ta ɗage iyakar yawan darussa a 2015, sa'an nan a 2023 ta mai da su kyauta ga yaran da talaucin gidansu ya sa ake ciyar da su a makaranta kyauta ko da rangwame. A wasu jihohin har yau aljihun uba ne, kuma tallafin da gwamnatin tarayya ke bai wa ɗaliban jami'a marasa hali ba ya hawa kan ɗan sakandare.

Kyauta ma ba ta raba gardama ba. Mu ɗauka yara biyu ne a jiha ɗaya, ƙarƙashin doka ɗaya. Ɗaya mahaifiyarsa ta yi jami'a, ta san ranar da ake rufe rajista, ta san akwai jarrabawar tantancewa da kwaleji ke yi kafin ta karɓi yaro, ta sa shi ya shirya, ga kuma mota a ƙofar gida. Ɗayar kuwa tana wani ƙauye mai nisan tafiyar sa'a guda daga kwaleji mafi kusa, motar makaranta ba ta bi ta can, malamin ba da shawara guda ɗaya ne a kan ɗaruruwan yara, kuma da yamma tana aiki a kanti don ta taimaki gida. Doka ta ce dukansu suna da haƙƙi, amma ɗaya ne ya ji labarinsa a kan lokaci. Alƙaluman ƙasar sun nuna cewa kason baƙaƙen fata a cikin masu rajista biyu bai wuce wajen rabin kasonsu a makarantun gwamnati ba. Wannan ne ma ya sa ya kamata a yi hattara da masu cewa shirin na sa yara su gama jami'a, domin la'alla waɗanda suka shige shi da ma can masu gamawa ne.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga wani reshe na daban. Tun a 1974 aka buɗe wata sakandare a cikin harabar Kwalejin LaGuardia a birnin Niyok domin yaran da ake tsoron za su watsar da karatu, kuma a 2002 Gidauniyar Gates ta zuba kuɗi aka yaɗa irin waɗannan makarantu, inda tun daga ajin farko ake tsara wa yaro hanya, a ba shi mai jagora, a haɗa masa darussan da ke kaiwa ga shaida guda, maimakon tsince-tsince. Da yake masu nema sun fi gurabe yawa, wasu makarantun ƙuri'a suke jefawa, sai masu bincike suka samu damar gwada waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa da waɗanda ta tsallake, yara masu himma iri ɗaya, suka tarar cewa na farkon sun fi samun shaidar kwaleji, sun kuma fi samunta da wuri. Abin lura shi ne, ba darasin jami'a kaɗai aka ba waɗannan yara ba, har da wanda zai riƙe hannunsu, kuma wannan shi ne ɓangaren da ya fi tsada, wanda majalisu suka fi saurin mantawa da shi in an zo kasafi.

Saura magana ɗaya, wadda iyaye ba su cika sani ba sai bayan aikin gama ya gama: ba dole ba ne jami'a ta karɓi abin da yaro ya tara. Kwalejin Dartmouth ta shelanta a 2013 cewa za ta daina lissafa AP a cikin kiredit na kammala digiri, kuma manyan jami'o'i masu zaman kansu da dama ba sa karɓar darasin da aka koyar a ajin sakandare. Wata jami'ar takan karɓa, amma ta ajiye shi a gefe a matsayin ƙari, ba ya rage wa yaro ko darasi ɗaya daga cikin wajiban fanninsa. Ofishin binciken kuɗi na majalisar tarayya ya ƙiyasta a 2017 cewa ɗaliban da suka sauya kwaleji sun yi asarar kimanin kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu. Jihohin da suka farga, irin su Fulorida da Teksas, sun ɗaure jami'o'in gwamnatinsu da doka a kan abin da za su karɓa, amma ikon doka a kan iyakar jiha yake tsayawa. Haka kuma faɗuwa ba ta gogewa: yaro ɗan shekara 15 da ya yi wasa da darasi ɗaya, sakamakon zai bi shi a takardarsa ta jami'a, har ya iya taɓa masa tallafin karatu daga baya.

Dattawan da suka yi ajin HSC a kwalejojinmu na da, da matasan da suka bi ta IJMB ta Jami'ar Ahmadu Bello suka shiga aji biyu kai tsaye, za su ga kamanni a cikin wannan bayani, amma bambancin a fili yake, domin namu bayan an gama sakandare ake yinsa, nasu kuwa a cikinta. Namu ta fuskar jarrabawa ɗaya ga kowa ya fi kusa da AP.

Hukuncina a kan jihohin Amurka shi ne, wadda ta biya kuɗin, ta kuma tilasta wa jami'o'inta karɓa, ta sa ido a kan abin da ake koyarwa, ta yi wa talakanta adalci; wadda kuwa ta buɗe ƙofa kawai don a ƙirga mata yawan masu shiga, ta ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne da kuɗin jama'a. Kai kuma mai karatu, in kana da ɗa ko ƙane a makarantun can, aka kawo maka takarda ka sa hannu, kada ka sa sai ka rubuta wa magatakardan jami'ar da yaron ke hari, ka ambaci darasin da sunansa da lambarsa, ka tambaye shi ko suna karɓarsa, kuma a madadin wane darasi, ka ce ya ba ka amsa a rubuce.